Gayyar da Mai Gona Bai Kira Ba

Wayar Ɗantani a hannuna take ranar da aka rufe masa asusu. Ina zaune a kan bencin tashar Ajingi, hantsi ya ɗaga, motar Kano saura mutum uku ta cika, sai jarumin wasan da nake bugawa ya tsaya cak a tsakiyar fili, fuskar wayar ta yi duhu, wani jan rubutun Turanci ya fito. Na kashe na kunna, yana nan. Na cire layi na mayar, yana nan. Aji uku na yi a firamare, amma shekara ashirin da shida da na yi ina jan babbar mota tsakanin Kano da Ikko da Maiduguri sun koya min cewa jan rubutu ba ya zuwa da alheri.

Bari in koma baya kaɗan, saboda wanda bai san mu ba.

Sunana Bashari. Da bayana ya gaji da kujerar mota, na dawo gida na kama kamasho a tasha. Aiki ne na jira, mota ɗaya sai ta yi awa biyu ana neman fasinja, kuma a cikin jiran nan na koyi wasan. Na waya ne, sai da data. Kowa da jaruminsa, ka shiga da shi daji da kogo, ka kashe dodanni, ka tsinci abin da suka zubar, takobi ko sulke ko dutsen ƙira, ka ƙara masa ƙarfi. Mutanen duniya ne a ciki, har daga ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba. A nan mu biyar ne. Akwai Gana mai gyaran waya da caji a bakin tasha, wanda kakanninsa suka zo daga Borno. Akwai Kabo, maigadin siton gyaɗa, sa'ana ne. Akwai Khaula 'yar ƙanena, malamar firamare a Toranke, ita ke karanta mana Turanci. Sai Ɗantani ɗan acaba, mutumin Gafasa, wanda ya fi mu nesa ba kusa ba. Shekara huɗu yana gina asusunsa, ya sa masa suna ƊanGafasa. Jarumai tara ne a ciki, kowanne yana iya gaya maka watan da ya fara shi da wuyar da ya sha a kansa.

Duk wata uku kamfanin wasan yana buɗe abin da suke kira sizin. Kowa ya ajiye tsofaffin jarumansa ya fara da sabo, daga shi sai sanda. Kabo ya tsani abin nan. Kullum in mun haɗu a gindin darbejiyar bayan tasha, inda sabis ya fi ƙarfi, sai ya ce, "Ka yi wata uku kana gini, a ce ka fita ka koma bukka. Zalunci ne aka yi wa kwalliya." Ni ban ga laifin abin ba. Manomi ma duk shekara da ƙasa tsirara yake farawa, kuma ba don sizin ba, yaushe tsoho irina da ya shigo a makare zai tsaya sahu ɗaya da waɗanda suka riga shi?

A sizin ɗin da nake ba da labari rami suka kawo, mai hawa ɗari, ana gangarawa ƙasa. Duk wanda ya kai gindinsa kafin wa'adi ya cika, za a sassaƙa sunansa a jikin wani dutse a ƙofar birnin wasan, ya zauna nan har abada. Saura wata guda, Ɗantani yana hawa na tamanin da takwas. Mu ba wanda ya wuce hamsin. Mun riga mun gama hango abin: ƊanGafasa a jikin dutse, mutumin Sin yana wucewa yana ƙoƙarin karantawa.

Sai tunkiya ta gitta wa Ɗantani yana kan babur a hanyar Gaya. Ya karye a wuyan hannun dama, da yatsu biyu. Aka kai shi wurin mai ɗori a Gaya, ya zauna a gidan kawunsa. Matarsa Hajo ta kawo min wayarsa da fasasshen gilashi, ta ce in ba Gana ya canza. Washegari Gana ya canza. Wayar ta dawo aljihuna.

Lokacin cirar gyaɗa ne. Ɗantani ya aiko daga Gaya ya kira gayya a gonarsa ta Gafasa. Mutum goma sha huɗu muka je, Hajo ta dama fura ta yi dambu, kafin la'asar mun cire mun jera ta tana shan rana. Da jama'a suka watse, ya rage ni da Gana da Kabo a gindin tsamiya, sai na zaro wayar na ajiye a kan tabarma.

Na ce, "Saura gona ɗaya."

Kabo ya gane nan take, ya yi dariya. Gana bai yi ba. Ya ce, "Baba, shi ya ce a yi?"

"Ana tambayar mara lafiya ko yana son kunu?"

"Wannan ba kunu ba ne."

Na yi masa bayani. Hawa goma sha biyun da suka rage ba sa gangaruwa sai da sulke na musamman, sulken kuma sai an tara duwatsun ƙira masu yawan gaske, waɗanda ake samu a wani kwari, wurin ƙananan dodanni. Aiki ne na jaki, ba na gwani ba. Ba za mu taɓa masa ramin ba. Duwatsu kawai za mu tara, in an kwance masa ɗori a makon ƙarshe ya tarar da rumbu cike, ya ƙera sulkensa, ya gangara da hannunsa. Lambar buɗe wayar kuwa na sani, na sha ganin yatsansa yana zana ta.

Gana ya ce, "To." Irin "to" ɗin da ake ce wa babba. Khaula ban gaya mata ba, don na san ita tana karanta dokoki.

Yadda muke yi a hanyar Ikko na tsara mana: direba biyu, mota ba ta hucewa. Ni daga asuba zuwa azahar. Gana daga azahar zuwa isha'i, waya a jikin caji. Kabo ya karɓa har asuba, tunda dama aikinsa rashin barci ne. Sannan na yi kwana guda ina auna kwarin. Na gano hanyar da ta fi kowace kawo duwatsu, na zana ta a bayan kwalin sukari: ka shiga ta ƙofar gabas, ka yi hagu, ka kashe garke uku, ka zaga rijiya, ka fita ta inda ka shigo, ka sake shiga. Minti uku da 'yan daƙiƙu. Na ce musu, "Kada wanda ya kauce ko taku ɗaya. Kunya kunya, kamar huɗa." Na yi alfahari da kwalin nan ƙwarai.

Kwana goma sha ɗaya wayar ba ta huta ba, kafin jan rubutun ya fito.

Da la'asar muka haɗu a gindin darbejiya. Gana ya duba ya ce ban ne, an rufe asusun gaba ɗaya, kuma a cikin rubutun ya ga kalmar bot. Bot wata manhaja ce da ake sa wa wasan ta riƙa bugawa da kanta, kai kana barci tana tara maka kaya. Kamfanin ya haramta ta, lokaci-lokaci sukan share masu ita kamar an saki ruwa.

Kabo ya juya ya kalli Gana. "Ai shi ke nan. Ga mai tarakta."

"Wane tarakta?"

"Ba kai ne kullum kake cewa bot tarakta ce ba? Wai don me mutum zai yi noma da fartanya alhali ga inji?"

"Na faɗa, kuma har gobe zan faɗa. Wasan da zai sa ka zaga rijiya ɗaya sau dubu biyar, shi ya jawo wa kansa bot. Su gyara wasan mana. Amma faɗa daban, sawa daban."

"Masu irin bakinka ne suka kashe kasuwar cikin wasan. Takobin da zan yi mako ina nema, in kai kasuwa in tarar an zube irinsa ɗari kamar tumatir. Ni da za su ji tawa, duk wanda aka kama a ƙona asusunsa, a haɗa da na ƙaninsa."

"Ga shi an ƙona, sai ka yi murna."

"Azahar zuwa isha'i kana gyaran wayoyin mutane. Da wane hannun kake bugawa?"

Gana ya miƙe. "Wallahi ban sa komai a wayar nan ba. Kwastoma nawa na kora saboda ita? Baba, faɗa masa."

Na ce a bari a bincika. Gaskiya a lokacin ban san komai ba, kuma maganar Kabo ta ɗan zauna min.

Ban iya jiran gobe ba. Na hau acaba na tafi Toranke, na tarar da Khaula tana duba littattafan 'yan ajinta a tsakar gida. Ta karanta jan rubutun, ta buɗe wasiƙar da kamfanin ya aiko, ta karanta sau biyu.

"Baffa, ba su ce sun ga manhaja a wayar ba. Cewa suka yi asusun ya yi awa ɗari biyu da sittin da wani abu bai tsaya ba, yana bin hanya ɗaya, yana juyawa a wuri ɗaya, cikin lokaci ɗaya. Sun ce ɗan Adam ba ya wasa haka." Ta ɗago. "Hannun Ɗantani a ɗaure yake. Wa ke bugawa?"

Na gaya mata. Na zaro kwalin sukarin ma, ban san dalili ba. Ta juya shi gaba da baya.

"Wa ya zana wannan?"

Ta dube ni. Ta miƙo min abina.

Ta ce akwai ɗaukaka ƙara, amma sau ɗaya ake yi, kuma cikin kwana goma. In ya wuce, ko aka ƙi, jarumai taran nan sun tafi ke nan. Ta ce kuma in sani, ba wa wani asusunka ya buga maka shi ma laifi ne a dokarsu. Na ce to ta rubuta musu wani abu mai daɗi, ta iya Turanci.

"Da sunan wa?"

"Da sunansa mana. Ga wayar."

"Kun shiga masa sau ɗaya bai sani ba, Baffa. Ba ni zan yi na biyu ba. Ka je ka gaya masa, in ya ce in rubuta, in rubuta."

Tun daga ranar zama ya gagare ni. In zauna a benci in miƙe, in zaga mota, in dawo. Sau biyu na loda wa direba fasinjan Gaya a motar Kano. Kowane rabin awa sai na zaro wayar na buɗe, ko Allah zai sa sun yi kuskure sun gyara. Kabo ya daina kai wa Gana caji, ya koma can bakin kasuwa, kuma duk wanda ya tambaye shi dalili sai ya ce a tambayi mai tarakta. Ina ji ina gani. In Gana ya gaishe ni sai in amsa ina kallon wani wuri. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

A kwana na uku na tafi Gaya. Na sayi lemo da ayaba, na shirya maganata tun daga Ajingi. Na tarar da Ɗantani a zaure, hannu a ɗaure da karare, rataye a wuya. Ya yi ta godiyar gyaɗa. Sannan ya ce, "Baba, ina wayar?"

Bakina ya riga ni. "Gilashin ne ba a samu irinsa ba. Gana ya aika Kano."

"Gana ke nan. Ba komai, ai ko ta zo ba abin da zan iya da ita." Ya gyara zama. "Ka san na haƙura da dutsen nan? Kwana biyun farko ban yi barci ba saboda shi. Daga baya na ce, to, mene ne? Wani sizin zai zo da nasa. Jarumaina suna nan, ba inda za su."

Na ce haka ne. Na ɓare masa lemo. Na fito ban faɗa ba, kuma na ƙara wa Gana wani kayan a kai.

A kwana na shida na sake komawa. Na kai har bakin layinsu, na hango kawunsa a ƙofar gida yana alwala, na juya na shiga kasuwa na yi ta zaga rumfunan masu buhu kamar mai neman wani abu. Na dawo Ajingi da igiyar da ba ni da abin ɗaurewa da ita.

Ni da na tsaya gaban sojoji a shingen hanya, na yi ciniki da 'yan fashi a dajin da ba kowa, ga ni ina tsoron ɗan acaba mai hannu ɗaya. Abin da na gane shi ne, waɗancan duk ba na jin kunyarsu.

Ranar kwana na takwas Khaula ta biyo ta tasha a hanyarta ta komawa gida. Ba ta sauka daga acaba ba. Ta ce, "Baffa, jibi ne fa." Ta wuce.

Washegari da safe na je rumfar Gana, na aika aka taso Kabo daga barci. Na ajiye kwalin sukarin a kan teburin gyara, tsakanin matattun batura, na gaya musu abin da wasiƙar ta ce. Kabo ya daɗe yana kallon kwalin.

Ya ce, "Wato mu ne bot ɗin."

Gana ya ce, "Tun yaushe ka sani, Baba?"

"Tun ranar."

Gana ya juya ga teburinsa. Ya ɗauki wata waya ya ci gaba da kwance ta. Na ce masa na kuma gaya wa Ɗantani cewa shi Gana ne ya riƙe wayar. Ya ajiye sukundireba, ya rufe rumfa, ya ce, "Mu je Gayan. Ina so in ji da kunnena."

Mu huɗu muka je, har da Khaula. Da Ɗantani ya gan mu tare, fara'arsa ta ragu, ya ce, "Lafiya? Wani ya rasu?" Na zauna a gabansa na faɗa, tun daga gindin tsamiya har zuwa ƙaryar gilashi. Na miƙa masa wayar. Ya karɓa da hagu, ya buɗe, ya kalli jan rubutun. Ya daɗe.

"Har da Mai Gatari?" Jaruminsa na farko ke nan.

Khaula ta ce, "Duka."

Ya kife wayar a cinyarsa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, "Baba, gyaɗata da kuka cire, wa ya kira ku?"

"Kai."

"Na aika, Hajo ta dama fura, kuka zo. Wannan fa, wa ya kira?"

"Mun ga kamar…"

"In na tashi da safe na tarar da mutum uku a gonata suna aiki ban kira su ba, ko da huɗa suke min, me sunansu?"

Kabo ya ce, "Don kai muka yi."

"Don dutse kuka yi. Kuna so a ga sunan garinmu. Ni ma ina so. Amma da na dawo na tarar da rumbun nan, na gangara, aka rubuta ƊanGafasa, duk ranar da na wuce ta ƙofar nan na san ba ni kaɗai ba ne. Ni da masu bot me ya raba mu? Su inji, ni tsofaffi biyu da mai caji."

Gana ya yi 'yar dariya, ta farko tun safe.

Khaula ta ce lokaci yana tafiya, a yanke abin da za a rubuta. Kabo ya ce a ce an sace wayar ne a wurin haɗarin, ɓarawo ya yi abin da ya yi, yanzu aka gano ta. Ya ce ya ji wani a cikin wasan yana cewa da haka ya kuɓuta. Gana ya ce kowa haka yake rubutawa, su ma sun gaji da ji, kuma wane ɓarawo ne zai saci waya ya zauna yana tara wa mai ita duwatsu? Shi a ganinsa ba mai karanta ƙarar ma, inji ne ya kama, inji ne zai amsa, manyan masu bot da ke sayen kaya da dala kuwa ba a taɓa su.

Ɗantani ya juyo gare ni. "Kai da ka iya tsari, me ka gani?"

Na san da gatse a ciki, amma na amsa. Na ce a hanya, in ma'aikaci ya tsare ka ya ɗora maka babban laifi, kada ka ce ba ka da laifi ko kaɗan. Ya riga ya tsayar da kai, ba zai koma hannu wofi ba. Ka nemo ƙaramin laifinka na gaskiya ka miƙa masa da hannu biyu. Ya ce lodinka ya wuce kima, ka ce ranka ya daɗe lodi daidai yake, ga takarda, amma fitilar baya ɗaya ta mutu. Sai ya samu abin rubutawa, kai ka samu hanya. Na ce mu ba mu sa bot ba, wannan shi ne babban. Amma mun karɓi asusun wani mun buga, wannan gaskiya ne, kuma shi ne ƙaramin. A ba su shi.

Kabo ya ce, "In kuma ƙaramin ma na kisa ne a wurinsu?"

Na ce, "To mun mutu a kan gaskiya. Ƙaryar ɓarawo ma mutuwa ce, sai dai ta fi sauri."

Ɗantani ya kalli ɗaurin hannunsa. Sannan ya ce, "Malama, rubuta. Amma ki rubuta cewa ban sani ba. Ki sa sunan wanda ya tsara, da shekarunsa."

"Sittin da ɗaya," na ce.

Ɗantani ya riƙa faɗa tana juyawa zuwa Turanci. Ya ce ta gaya musu a garinmu in mutum ya kwanta ciwo, maƙwabta sukan taru su yi masa aikin gona, ana ce wa abin gayya. Ta gaya musu wani tsohon direba ne ya ɗauko wannan ya kawo cikin wasansu, ya raba wa mutum uku dare da rana, ya zana musu hanya. Aka ɗauki hoton hannunsa da karare. Aka ɗauki hoton kwalin sukari, da rijiyata da kibiyoyina. Gana ya ce a juya kwalin kada sunan kamfanin sukarin ya fito, kada su ma a yi musu ban. Khaula ta karanta mana da Hausa daga farko har ƙarshe, Ɗantani ya danna da babban yatsan hagu.

A motar dawowa na ce wa Gana ya yafe min, a gaban Kabo da sauran fasinja. Ya ce ya ji. Kabo ya zaro wayarsa ya miƙa masa ya ce cajinta saura kashi huɗu. Gana ya ce rumfa tana Ajingi, ba a aljihunsa take ba.

Kwana biyar muka jira. Yanzu wayar tana Gaya, ba ni da abin dubawa, sai na koma duba Khaula. Na kira ta da safe, na kira ta a tsakiyar aji, har ta ce in na sake za ta rufe layina, ita ma ta iya ban. Rana ta biyar ita ta kira.

Sun amsa. Wani ne ya rubuta, da sunansa a ƙasa, ba inji ba. Sun janye maganar bot. Amma saboda ba da asusu, sun dakatar da shi kwana talatin daga ranar da aka rufe, kuma sun goge jarumin wannan sizin ɗin ɗungurungum, da duwatsun da muka tara, da hawa tamanin da takwas ɗin da Ɗantani ya gangara da hannunsa tun kafin mu taɓa. Sauran takwas suna nan. Mai Gatari yana nan. A ƙarshe mutumin ya ƙara layi ɗaya, wai yana yi wa hannun fatan sauƙi, kuma hanyar da ke jikin kwalin tana da kyau.

Ban gaya wa kowa wannan layin ya yi min daɗi ba.

Kwana biyu bayan haka sizin ya rufe. Na shiga na tsaya a gaban dutsen, na sa Khaula ta duba min sunayen. Ba na Gafasa, ba na Ajingi.

Sabon sizin ya buɗe Ɗantani yana cikin dakatarwa. Gana da Kabo suka shiga tun ranar farko, Kabo yana zagi yana bugawa. Ni na buɗe, na ga sabon jarumi tsaye da sandarsa, na rufe. Haka na yi ta yi har kwanakin suka cika.

Ranar da aka sake shi ya zo gindin darbejiya bayan la'asar. An kwance ɗorin, hannun ya rame, yatsun biyu ba sa lanƙwasuwa sosai. Ya fara duba jarumansa takwas ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe kayan kowanne. Sannan ya fara sabo. Ina gefensa ina leƙe. Dodon farko, wanda ko Kabo yana kashewa da ido ɗaya, ya kayar da shi. Ya tashi, ya sake kayar da shi. Yatsan ba ya kai wa maɓallin kaucewa a kan lokaci. Na ga inda ya kamata ya bi, ƙiri-ƙiri, ta bayan wani kututture. Hannuna ya taso daga cinyata.

"Kawo in…"

Ya ɗago ya kalle ni. Na mayar da hannun, na zauna a kansa.

Ya mutu sau biyu kuma. A na biyar ya kashe dodon da jini saura kaɗan. Ya ajiye wayar yana murza wuyan hannu.

"Baba, ina naka jarumin?"

"Ban fara ba."

"To ka fara. Gobe war haka ina so in shiga kogon farko, kuma da hannun nan ba zan iya ni kaɗai ba. Kowa ya zo da wayarsa da jaruminsa, ku tsaya a bayana. Gana, ka ji. Kabo, ka ji. Ni na kira."

Kabo ya ce, "Mai gayya shi ke kawo fura."

"Hajo za ta dama." Ya ɗauki wayar. "Baba, kwalin nan kuma ka bar shi a gida."

Direban motar Kano ya leƙo ta bayan rumfa yana cewa saura mutum ɗaya tun ɗazu, ina ɗan kamasho ya shiga. Na miƙe na nufi tasha, ina tafe ina zaɓa wa jarumin suna.